Saniyar Amana da Hasken La'asar

Shafi na 19

Salamu alaikum jama'ar gidan nan. Kwana uku shiru, na sani, kuma na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban saki shafi ba za ta hau mota ta biyo ni Dakoro. Bismillah, ki zo, akwai fura. Ba lalaci ba ne, ruwa ne ya sauka ya tafi mana da rezo, wato layin waya. Wannan shafin naku ne ku da kuka yi haƙuri, na gode ƙwarai.

Ga wanda ya shigo yau: Inna, matar marigayi Malam Isufu, tana riƙe da saniyar habbanaye ta aminin mijinta, Baffa Hamani, Bafulatanin da ke kiwo can wajen Azagor. Habbanaye kun san shi, a ba ka aron saniya ta haihu sau uku a hannunka, 'ya'yan naka ne, uwar ka mayar wa mai ita da godiya. Baƙuwa, haka Inna ke kiranta, ta cika haihuwa ta uku, ana shirin mayar da ita sai hadarin farkon damina ya watsa garken gari ta ɓace. Wata biyu ke nan. Gari ya ɗauka sayar da ita suka yi suka ci amana, har Inna ta daina zuwa biki da suna. Jiya aka ce an ga mai kama da ita a wani ƙauye kusa da Korahane, ƙofar gidan wani dattijo mai rijiya, Abarci. To, ga su sun iso.

*

Ko sallamar kirki Mainassara, ɗan Inna, bai yi ba. Daga hango jar saniya ɗaure a gindin bishiyar bedi sai ya baro Inna da ƙanwarsa Lailatu a baya, ya nufi ƙofar gidan yana huci.

"Ina mai gidan ga? Ya hito!"

Wani siririn dattijo ya fito da buta a hannu, gemunsa fari fat. Ya dubi saurayin daga sama har ƙasa.

"Salamu alaikum," in ji dattijon.

Mainassara ya yi turus. Shi ya kamata ya yi sallamar, ga shi an yi masa ita.

"Wa alaikumus salam. Kai ne Abarci?"

"Ni ne. Ka sha ruwa tukuna?"

"Ba ruwa ya kawo ni ba. Wagga saniya tamu ce. Wata biyu muna biɗarta, uwata ba ta barci, gari na zunɗenmu, ashe tana nan ka ɓoye ta kana tatsa!"

Lailatu ta ja masa riga. "Yaya, ka bari mana."

Inna ta tsaya daga baya. Idonta na kan saniyar, leɓenta na motsi.

Abarci ya ajiye buta. Wallahi ni da nake rubutawa na so a ce ya ɗaga murya, da kunyar da ke tafe ta yi sauƙi. Bai ɗaga ba.

"Ɗana, ina ka gan ta ɗaure? Bayan gida ko bakin hanya?"

"Bakin hanya."

"To ka taɓa ganin ɓarawo ya ɗaure bisar da ya sata a bakin hanya? Na ishe ta bakin rijiyata, ƙahwa ta kumbura, kunne ya yage, ƙudaje sun cika shi. Mai ɗakina ta yi sati ukku tana wanke mata da ruwan gishiri. Na hwaɗa ma maigari, na hwaɗa a masallaci. Na ɗauki hotonta da salula na sa a gurup ɗin cigiyar bisashe, ba sau guda ba, sau ukku."

"Ina cikin gurup ɗin nan," in ji Mainassara. "Kullum sai na duba. Ban gan ta ba."

Abarci ya zaro wata tsohuwar salula mai fasasshen gilashi, ya lalubo hoton ya miƙa wa Lailatu.

Jama'a, wani baƙin abu ne mai ƙaho biyu, bayansa rana ta fashe fari tas. Ba ja, ba ido, ba kunne. In an ce maka saniya ce ka yarda, in an ce tukunya ce aka kifa kan turmi ma ba ka yi musu ba.

"Baba, yaushe ka ɗauka?"

"Da hantsi. Na ce bari rana ta hito sosai don hoton ya yi haske."

"Ina ka tsaya?"

"Nan. Ita tana can, rana na bayanta tana haska ta da kyau."

Lailatu ta cije leɓe don kada dariya ta kufce mata gaban babba.

"Baba, bayanka ake so rana ta zamo, ba bayan abin da kake ɗauka ba. In ka huskanci rana, salula rana take gani, sai ta maida komi baƙi."

"Ashe! Ni kau ina mamaki, saniya ja jawur, hoto ya hito kamar gawayi. Na ce halan salular ce ta tsuhwa."

Mainassara ya leƙo ta kafaɗar ƙanwarsa.

"Na ga wanga hoto," ya faɗa a hankali. "Na gan shi. Na ce baƙar saniya ce, na wuce."

"Sau ukku?" in ji Lailatu.

Ya cire hularsa ya durƙusa gaban dattijon, wannan ƙaton da ya shigo ƙauyen mutane da faɗa.

"Baba, ka yahe mani. Na zage ka a ƙohwar gidanka."

"Tashi. Wanda uwarshi ba ta barci, bakinshi ba nashi ba ne. Yanzu ka sha ruwan?"

Ya sha. Ƙwarya guda ya shanye, don ya samu abin ɓoye fuska.

Inna ta matso ta durƙusa, hawaye na bin kuncinta. "Malam, Allah ya biya ka da gidan Aljanna. Yadda ka rufa mani asiri, Allah ya rufa naka duniya da lahira. Allah ya sa ɗiyanka..."

"Amin, amin. Amma baiwar Allah, kar ki yi saurin godiya." Ya sunkuyar da kai. "Akwai wani da ya rigaye ku zuwa."

*

Wanin shi ne Alhaji Halidu, dillalin shanu. Ba a jima ba ya iso kan babur, sanye da farar shadda mai aikin wuya, igiya sabuwa rataye a bayansa. Tun daga nesa muryarsa ta riga shi isowa. Ya ce shanu shida jajaye ya sayo daga arewa, guda ta tsinke ta gudu a hanyar Korahane, a satin nan da aka yi babban hadari. Kwana huɗu kacal ta yi a hannunsa, amma ya rantse ita ce.

Al'adar wurin a bayyane take. Wanda ya tsinci dabba ba ya miƙa ta sai mai nema ya faɗi shaidarta, a duba a gani. Dattawan ƙauye huɗu suka zauna kan tabarma don su zama shaidu.

"Baiwar Allah, mi ne ne shaidarki?" in ji Abarci.

"Tsagu biyu a kunnen hagu. Shaidar gidan Hamani."

Aka kama kunnen hagu. Rabinsa babu, wayar shinge ta tafi da shi tun ranar da ta ɓace. Daidai inda tsagun suke nan ne ya yage.

Alhaji Halidu ya tuntsire da dariya. "Shaidarki na cikin kunnen da babu! Ni ma sai in ce tawa an rubuta sunana a nan."

"To in kira ta," in ji Inna. Ta tashi ta ce, "Baƙuwa! Yaki nan, Baƙuwa."

Saniyar ta ɗago kai ta taho har igiya ta ƙare, ta miƙo hanci. Sai ga matar Abarci ta fito da roba cike da dusa, Baƙuwa ta juya wa Inna baya ta bi roba. Kai, dabba ba ta da kara.

"Kun gani?" in ji Alhaji. "Kowace mace ta gani bin ta take. Ni shaidata mai sauƙi ce. Tawa jikinta sumul yake, ba tsaga, ba lalas. Da hannuna na shahe ta a kasuwa tun daga wuya har wutsiya. A duba."

Aka fito da ita fili. Rana na tsaka, tana dukan bayanta, gashin ja yana ƙyalli. Dattawa suka zagaye ta, suka duba wuya, suka duba haƙarƙari, suka duba cinya. Babu alamar wuta ko ɗaya.

Abarci ya daɗe yana shafa gemu. Kana ganinsa ka san ba haka ya so ba.

"Kunnen da ya yage ba ya shaidar kowa," ya ce. "Jiki sumul kau ya shaidi Alhaji. Baiwar Allah, in ba ki da wata..."

"Gobe da sahe mota za ta loda," in ji Alhaji yana warware igiya. "Ku yi haƙuri, Allah ya gwada muku taku."

Inna ta zauna daɓas. Ba saniyar kaɗai take gani tana tafiya ba. Tana ganin ranar da za ta tsaya gaban aminin mijinta hannu wofi, ta ce masa ta ɓace, ya ce ba komai, alhali duk Dakoro ta riga ta yanke abin da ya faru. Wannan "ba komai" ɗin shi ne abin da ya hana ta barci wata biyu.

Lailatu kuwa kanta na cikin salularta, yatsa na gudu. Hotunan riguna, hotunan riguna, hotunan riguna. Aikinta ke nan, ita ke ɗaukar wa telolin unguwarsu hoton ɗinki suna sawa a WhatsApp. Can ƙasa, cikin na bara, ta tsaya cak.

"Baba, dakata."

Hoton Inna ne tana tatsa da yamma. A cinyar saniyar ta hagu akwai wata 'yar inuwa a lanƙwashe, ba ta fito sosai ba. Ta zagaya da salular gaban dattawa.

"Laka ce," in ji Alhaji. "Ko kashinta ta kwanta a kai."

"In laka ce ruwa ya wanke ta tun bara. Baba Abarci, alfarma guda nike roƙo. A jira sai bayan la'asar, rana ta yi ƙasa. In ban gwada muku abin ga a jikinta ba, Alhaji ya tahi da ita."

"Ke ɗiyar nan!" Alhaji ya kama haɓa. "Da rana tsaka, komi a bayyane, maza biyar sun duba ba su gani ba. Sai rana ta yi sanyi ke za ki gani?"

"Alhaji, ka yarda in ɗauki hoton rigarka?"

Ya dubi rigar. Ai kun san mai sabuwar shadda ba ya ƙin hoto. Ya gyara tsayuwa a tsakiyar rana, ya turo ƙirji. Ta ɗauka ta nuna masa. Fari ne fal, kamar an shanya zanen gado, aikin wuyan ko alamarsa babu.

"Ina aikin? Sati biyu anka yi ana wanga aiki!"

"Shina nan. Shiga zaure ka tsaya bakin ƙohwa, ka ba ƙohwar kahwaɗa."

Ya shiga yana gunaguni. Haske ya shigo ta gefe ɗaya ya kwanta kan ƙirjinsa. Ta ɗauka. Wannan karon kowane zare ya tashi, kowane ƙulli da 'yar inuwarsa a gefe, har inda allura ta kauce ana gani.

"Farin zare kan farar shadda ba ya hitowa sai haske ya zo ta gehe," in ji Lailatu. "In ya zo daga sama, shahe komi yake. Abin da ke cinyarta ja ne cikin ja, gashi ya ruhe shi. Inuwarshi kaɗai za ta gwada shi."

Alhaji bai ji rabin bayanin ba, yana can yana kallon kansa.

"Kai, ashe haka rigar ga take da kyau. Ki turo mani wanga." Ya yi gyaran murya ya maido fuska. "Bayan la'asar. Ko minti guda ban ƙarawa."

*

Matar Abarci ta kawo tuwo da miyar kuɓewa, ta zauna kusa da Inna tana ba ta baki kamar sun shekara da sanin juna. Inna loma biyu ta iya yi. Lailatu ko hannu ba ta sa ba, sama take kallo. Wani gajimare ya taso ya yi zamansa daidai hanyar da rana za ta bi.

Aka yi sallar la'asar. Gajimare na nan. Duniya ta yi dishi-dishi, ba rana ba inuwa.

"To?" in ji Alhaji.

"Kaɗan ya rage."

"Ki kunna hitilar salular mana," in ji Mainassara cikin raɗa. "Ba tana da filas ba?"

"Filas daga gaba yake dukan abu, Yaya. Shi ma shahewa yake. Kai dai ka riƙe mani kanta, ka juya ta ta huskanci yamma."

Ya juya ta. Lailatu ta goge idon kamera da gefen mayafinta, ta durƙusa daidai cinyar hagu, ta matsa har tana jin ɗumin jikin dabbar. Ba ta jawo hoton da yatsa ba, ta san jawowa na ɓata shi, gara ƙafa ta matsa. Gwiwarta cikin laka take jira.

Alhaji ya duba agogo. Ya sake dubawa. Ya ɗauki igiyarsa.

"Malam Abarci, na cika alkawari."

"Ka cika," in ji Abarci. Amma bai tashi daga tabarma ba. Sai ya shiga neman takalminsa, takalmin da kowa ke gani a gabansa. Ya duba dama, ya duba hagu, ya ɗaga gefen tabarma. Allah ya yi wa wannan tsoho albarka, na faɗa na kuma faɗa.

Yana cikin neman takalmin rana ta zubo ta ƙasan gajimaren.

Haske ja mai laushi ya taho a kwance, ya bi jikin saniyar tun daga kafaɗa har cinya. Lailatu ta taɓa wurin a fuskar salula, ta ɗan rage hasken, ta riƙe numfashi. Ta ɗauka. Ta sake. Ta sake. A na huɗu gajimare ya rufe.

Ta miƙe ta buɗe hoton.

Ga shi nan raɗau. Layi ɗaya a lanƙwashe kamar lauje, ƙarƙashinsa ɗigo biyu. Ta kawo na bara ta jera su. Wuri ɗaya, lanƙwasa ɗaya.

"Allahu akbar!" in ji dattawa.

Alhaji Halidu ya karɓi salular ya daɗe yana kallo. Ya je ya sa yatsa daidai wurin, ya bi a hankali, ya girgiza kai. Mutumin yana da surutu amma ba macuci ba ne.

"Lalas ne, tsoho. Tun tana maraƙa anka yi shi, ta girma ya buɗe, gashi ya cinye shi. Ba tawa ba ce. Hajiya, ki yahe ni, na kusa ɗaukar alhakinki." Ya nannaɗe igiyarsa. Sai ya sake duban hoton. "Amma wani abu. Kun ce ta Bahillace ce?"

"Ta Baffa Hamani ce," in ji Mainassara.

"A'a. Shekara talatin ina cikin shanu. Su Hamani kunne suke tsagawa, ba su sa wuta a cinya. Wagga shaidar mutanen gari ce."

Inna, wadda ke tsakiyar sujadar godiya, ta ɗago.

"Ba ni in gani."

Lailatu ta miƙa mata. Inna ta kai salular kusa da ido, ta nisanta ta, ta sake matso da ita. Sai ta dafa ƙirji.

"Lauje da ɗigo biyu."

"Inna, mi ne ne?"

"Ƙarhen lalas ɗin na nan rataye a ɗakin babanku, bayan ƙohwa. Wagga shaidarshi ce."



"Inna, Baba ba ya da shanu," in ji Lailatu.

"Ya yi. Kina ƙarama. Shekarar da anka kai ni Maradi anka yi mani aiki, ya kai su kasuwa dukansu. Ina kwance ban ko san an yi ba. Daga ranar bai sake sa ƙarhen ga a wuta ba, bai kuma yarda a yi zancen ba." "To ƙaƙa shaidarshi ta zo jikin saniyar Hamani?"

Lailatu ta lalubo lambar Baffa Hamani. Samunsa sai an yi sa'a, don inda yake kiwo sai ya hau tudu rezo ke kama shi. Ta kira, bai shiga ba. Ta sake. A na uku ya shiga, ta buɗe murya kowa ya ji. Iska da kukan shanu suka fara fitowa, sannan muryar tsohon.

"Lailatu? Lahiya? Ina uwar taku?"

"Ga ni, Malam Hamani," in ji Inna. "An ga Baƙuwa. Tana hannunmu."

"Alhamdu lillahi! Ai na hwaɗa maki kar ki sa ma ranki. Ko ba a gan ta ba..."

"Malam Hamani. Mi ya kawo lauje da ɗigo biyu a cinyarta?"

Shiru. Har Lailatu ta duba ko layin ya yanke. Bai yanke ba, ana jin numfashinsa.

"Wa ya gwada maki?"

"Ɗiyarka ce ta ɗauka da salula."

Ya yi wata 'yar dariya mai kama da kuka. "Shekara bakwai gashi na ruhe mana asiri, yau salula ta tona."

"Don Allah ka hwaɗa mani."

"Ina kasuwar Dakoro ranar nan. Na hango Isufu tsaye da igiya a hannu, ya juya baya don kar in gan shi. Ni ma na juya. Na san in na miƙa mashi kuɗi ba ya amsa, kin san halin mutumin naki. Sai na aika wani ya saye ta a madadina. Na kai ta daji, na tsaga mata kunne, ta shekara cikin garkena har ta ɗauki ciki. Sannan na koro ta ƙohwar gidanku na ce habbanaye ce. Habbanaye ba a maida ta, ko mutum ya kai mi girman kai."

"Ya gane ta?"

"Tun daga nesa. Ya zagaya ya shahwa cinyarta, ya dube ni, na dube shi. Ya ce, Hamani, saniyarka na da kyau. Na ce, ta gode. Har Allah ya ɗauke shi ba mu ƙara ko kalma guda a kai ba."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Kuka take da sauti, ba ta damu da maza ba. Matar Abarci ta rungume ta ita ma tana share ido. Mainassara ya juya baya yana kallon gona. Ni kaina sai da na ajiye salula na sha ruwa kafin in iya ƙarasa rubuta wurin nan. Akwai mutane a duniya, jama'a. Akwai su.

"Shekara shida muna shan nononta," in ji Inna cikin kuka. "Da shi na raini marayun ga. Ina kiranta Baƙuwa a gidan ubanta. Malam Hamani, da wane baki zan gode maka? Wallahi ba ni da shi. Amma alkawari alkawari ne, kai ka saye ta da dukiyarka. Jibi za mu koro maka ita har Azagor, ni da ƙahwata, kowa ya gani."

"Ki zo," in ji Hamani. "Dama ranar nike jira. Na ce sai kun maido ta da hannunku, sannan in buɗe baki, don kar a ce tausayi ne." "Uwar Mainassara, in tambaye ki?"

"Ina ji."

"Shanu nawa Isufu ya kai kasuwa ranar nan?"

Inna ta ɗago jajayen idanunta ta dubi 'ya'yanta.

"Huɗu," ta ce. "Dukansu mata."

"To ki taho da ɗiyar nan da salularta. Ku iso kahin la'asar. Akwai aiki da yawa a garkena."